Neman kalma: me za mu kira "flame retardant" da Hausa?

Malam Sanusi: Salamu alaikum. Jibi za mu naɗi shirin rediyo kan gobarar wayoyin lantarki, ga hunturu ya kama. Ina neman Hausar sinadarin nan da ake cuɗawa cikin roba tun a masana'anta don kada ta yi saurin cin wuta. Na rubuta "maganin wuta".

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam, a cire wannan, za a zaci maganin ƙuna ne ko laya. Kar kuma a ce "hana kamawa", don robar tana kamawa. A gwajin UL 94, wanda ake auna yadda roba ke cin wuta da shi, ana tsayar da sandar roba mai tsawon milimita 125, a kara mata wuta daƙiƙa 10, a janye, in ta mutu a sake karawa. Kafin ta sami matakin da ake kira V-0, dole wutar ta mutu cikin daƙiƙa 10 kowane karo, kuma ɗigonta kada ya kunna audugar da aka ajiye ƙasa. Mai matakin V-2, wanda ke ƙasa da V-0, ɗigonta na kunna audugar. Shawarata "sinadarin rage cin wuta".

Baba Dikko: Kalma huɗu don abu guda? Mu da munka gadi ƙi-gudu da ƙi-faɗi? A ce "ƙi-wuta", an gama.

Malam Nura: Baba, da daɗin faɗi, amma ba ƙi yake yi ba. Alminiyam haidiroksaid, ɗaya daga cikin irin waɗannan sinadarai, in zafi ya kai wajen digiri 200 na ma'aunin Celsius, ruwa yake saki ya sanyaya robar. Sai an zuba kusan rabin nauyinta ko fiye, shi ya sa take rasa ƙwari. Robar da ake narkarwa da zafin da ya wuce haka sai a koma wa na magniziyam, mai jurewa har wajen 300, in ba haka ba ruwan ya fita tun cikin inji, kaya su yi kumfa. Masu fosfaras gawayi suke yi a sama ya tare iska. Duk jinkiri suke sayo wa mutum ya fita.

Baba Dikko: Ku yaran yanzu, komi sai yadda Bature yac ce. Ita "roba" ma ta wa ce? Sakkwato da anka yi rubutu tun ba a san boko ba, mu kasa ƙera kalma sai Kano ta aiko muna?

Injiniya Hadiza: Ba wanda ya ambaci Kano, Baba. Mai shago a babbar kasuwa in ya ji "ƙi-wuta" zai lafta wa soket guda hita da dutsen guga, yana ganin ba ta ci.

Malam Sanusi: To, cikin shirin zan ce "sinadarin rage cin wuta", in bi da bayanin gwajin. Gajeren suna a ci gaba da nema.

Baba Dikko: Ku sa taku. Amma in kun gaji da jan ta, "rage-wuta" dai za ku dawo, kuma ginin nawa ne.