"Jikina ya ba ni": me kuka taɓa ji kafin ciwo ya bayyana?

Mai Tsara Manhaja:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina aikin wata manhajar waya da nake so ta koya wa mutum lura da abin da jikinsa yake faɗa masa daga ciki, kamar bugun zuciya, numfashi, yunwa, ƙishirwa da kasala. A gwajin farko na sa tambaya guda, "Yaya jikinka yau?", tare da maki daga 1 zuwa 10, sai kusan kowa ya zaɓi 8 ko 9, har da gwaggona da take kwance da zazzaɓi, wadda ta ƙara da cewa jiki da sauƙi. Ashe gaisuwa na rubuta, ita kuwa gaisuwa amsarta a shirye take. Ina roƙon duk wanda ya taɓa jin wata alama kafin ciwo ya taso masa, ko wanda jikinsa ya yaudara, ya ba mu labari da kalmomin da shi kansa yake amfani da su.

Mai Sikila Tun Yarinta:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ciwona ba ya zuwa babu sallama. Kusan rabin yini kafin ya tashi nakan ji ƙaurina ya yi nauyi, ƙuguna ya fara tsami, musamman da hunturu ko ranar da na yi sakacin shan ruwa, kuma idan na rufe jikina na sha ruwa sosai a wannan lokacin, wani zubin abin yakan zo da sauƙi. Maki ba zai iya ɗaukar wannan ba, domin tsami daban, zugi daban, suka daban, kuma kowanne da abin da yake nufi a wurina. Ka sa hoton jikin mutum a taɓa wurin, sannan a zaɓi kalma.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, Allah ya yi wa aikinka albarka. Shekarata 12 da ciwon suga. A farko, idan sugana ya sauka, hannuna yakan yi rawa, gumi mai sanyi ya karyo mini, in riƙa faɗa da yara babu dalili. Wata rana cikin azumi, bayan Azahar, na ji haka, na auna na ga 62, kuma likita ya riga ya gaya mini cewa duk ranar da ya yi ƙasa da 70 in karya azumin, na kuwa karya. Abin da ya ba ni tsoro shi ne a 'yan shekarun nan alamomin sun dushe, har sai uwargida ce take lura cewa maganata ta fara sarƙewa. Likita ya ce hakan yana faruwa ga wanda sugansa yake yawan sauka. Yanzu kafin in soki yatsa nakan rubuta lambar da nake zato a littafi, sannan in rubuta ta na'ura a gefenta. Da manhajarka za ta yi mini wannan aikin, ta nuna mini yadda zatona yake kusantar gaskiya ko yake nisa da ita, da na yi amfani da ita kullum.

Ma'aikaciyar Jinya:
Shawarar Baba ta yi kama da gwajin da wani mai bincike, Rainer Schandry, ya wallafa a 1981, inda ake sa mutum ya ƙirga bugun zuciyarsa ba tare da ya taɓa jijiya ba, sannan a kwatanta da abin da na'ura ta ƙirga, kuma mutane da yawa sukan ƙirga ƙasa da adadin. Sai dai ina da gargaɗi daga kaina. Ina auna wa mutane jini kullum, amma ranar da wata abokiyar aiki ta matsa ta auna nawa, 170/105 muka gani, alhali ba ciwon kai, ba jiri. Hawan jini yakan daɗe bai nuna komai ba, don haka kada manhajar ta taɓa ce wa mutum lafiyarsa ƙalau don kawai bai ji komai ba.

Ɗalibar Jami'a:
Ni kuma matsalata yawan ji ne. Ina fama da faɗuwar gaba, a gida har an fara cewa iskokai ne, sai na sayi agogo mai nuna bugun zuciya da fatan samun natsuwa. Duk da na san cewa 60 zuwa 100 a minti shi ne daidai ga babba a zaune, da zarar na ga 95 sai hankalina ya tashi, lambar ta ƙara hawa, in sake dubawa. Sai da na ajiye agogon a akwati na fara barci sosai. Don Allah ka taƙaita tambayar zuwa sau biyu a rana, kuma ka bari mutum ya ɓoye lambobin idan ya so.

Mai Tsara Manhaja:
Na gode ƙwarai. Zan cire makin, in sa hoton jiki da kalmominmu, in kuma ƙara wurin rubuta zato kafin awo kamar yadda Baba ya kawo. Saura abu ɗaya: gwaggona ba ta karatun boko, kuma waya ɗaya suke amfani da ita da jikokinta. Akwai wanda ya taɓa ajiye bayanin jikinsa da murya a wayar da ba shi kaɗai yake taɓa ta ba?