Yaushe Ya Kamata Mutum Ya Rabu da Babur Ɗinsa?

A wata tattaunawa kan lokacin da ya kamata mutum ya rabu da babur ɗinsa, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa lafiyar firam da inji ita ce abin dubawa, ba yawan shekaru ba. Idan inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, sauya fistan da ringi kan farfaɗo da shi, amma idan firam ya tsage, walda ba ta da tabbas, musamman ga mai ɗaukar kaya. Masu Bajaj Boxer sun ce sauƙin samun kayan gyara ne ke sa su riƙe nasu. Wasu kuwa suka ce a sayar tun yana da daraja, da zarar kuɗin bakanike ya fara cinye abin da ake samu a wata.