In cire kan sarki daga jikin katin ko in bar shi?

Sabon_shiga

Assalamu alaikum. Masana wannan harka, ina neman shawararku. Katunan da suka iso mini ta musayar Postcrossing (shafin intanet ne da mutanen ƙasashe daban-daban ke aika wa juna kati ta gidan waya) sun kai arba'in da 'yan kai, kusan kowanne da kan sarki mai kyau, wasu ma uku-uku ko huɗu-huɗu. Nufina in cire kawunan sarkin in jera su a albam, katunan kuma in ajiye su dabam. Yaya ake cirewa ba tare da sun yage ba? Sannan biyu daga cikin katunan masu sheƙi sun manne da juna, wani kuma ya fara ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a bayansa. A ɗaure suke da roba cikin kwalin takalmi. Me ya jawo haka?

Mai_hantsaki

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka cire ko ɗaya. Katin da kan sarkin da hatimin gidan waya abu guda ne. Hatimin da aka buga rabinsa a kan sarkin yake, rabinsa a jikin katin, kuma shi ke nuna garin da katin ya taso da ranar da ya taso. Ka raba su, ka samu kan sarki mai guntun hatimin da ba ya karantuwa, da kati mai tabo a kusurwa. Ga kuma ɓarnar ruwa: kati takarda ce mai kauri da aka matse hawa-hawa, in ya jiƙa sai ya kumbura, ya lanƙwashe, fuskar hoton ta ɗaye, rubutun wanda ya aiko maka ya dame. Tururi ma haka yake yi, sai dai a hankali.

Kan sarkin da ake jiƙawa shi ne na jikin ambulan. Ga yadda ake yi.

Ka yanke takardar da almakashi, ka bar kamar rabin santimita kewaye da kan sarkin, don kada ka taɓa haƙoran gefensa. Haƙori ɗaya in ya ɓalle, darajarsa ta faɗi wurin masu tarawa. Kafin ka kusanci ruwa, ka ware duk wanda ke kan ambulan mai launi, musamman ja da kore da rawaya. Rinin irin wannan takarda yana zuba, ya shiga farin gefen duk abin da ke cikin kwanon, kuma ba ya fita. Irin waɗannan ɗai-ɗai ake jiƙa su, cikin ruwan sanyi, a tsame da zarar sun saki.

Sauran kuwa, ka samu kwano mai faɗi, ka zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda in ka sa yatsa ba ka jin zafi ko kaɗan. Ruwan zafi yana kashe launi, yana kuma narkar da tawadar hatimi. Kada su wuce goma sha biyar zuwa ashirin a zubi ɗaya. Ka ba su minti goma sha biyar zuwa ashirin. Da kansu za su rabu da takardar su yi iyo. Wanda bai rabu ba kada ka ja shi, ƙara masa lokaci. Jiƙaƙƙen kan sarki ba shi da ƙarfi, in ka ja, bayansa zai saɓule ya yi sirara, kuma wannan lahani ana ganinsa da an ɗaga shi a haske.

Daga nan ka ɗauraye su a kwano na biyu mai ruwa mai tsabta, ka shafa bayan a hankali da ɗan yatsa har santsin gam ɗin ya tafi. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ya sa suke mannewa a takardar shanya. Ka kwantar da su rub da ciki a kan farar takarda mai shan ruwa. Ban da jarida, tawadarta tana kamawa. In sun sha iska, sun kusa bushewa amma ba su fara naɗewa ba, ka sa su tsakanin fararen takardu biyu ka danne da littattafai masu nauyi, kwana ɗaya zuwa biyu. Kada dutsen guga ya taɓa su.

In sun bushe, da hantsaki ake ɗauka, irin mai faffaɗan baki marar kaifi wanda aka yi domin wannan aiki. Maiƙon yatsa ba ya nuna kansa a ranar, sai bayan shekaru.

Uwar_katuna

Abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai akwai gyara ɗaya mai muhimmanci. Ba kowane kan sarki ne ke sakin takarda a ruwa ba. Akwai wanda ake lasa ko a shafa wa ruwa kafin a manna, wannan gam ɗinsa ruwa na narkar da shi. Akwai kuma wanda ake ɓarewa kawai a liƙa kamar sitika. Yawancin na Amurka na shekarun baya-bayan nan irin na biyun ne, da na Birtaniya da dama, kuma ko kwana suka yi a ruwa ba za su saki ba, sai dai takardar ta ruɓe. Ana gane su da gefensu: haƙoran sitika sumul suke kamar an zana igiyar ruwa, na asali kuwa in ka duba da gilashin ƙara girma za ka ga zaren takarda a bakin kowane haƙori, inda aka yage shi daga 'yan'uwansa. Wasu suna cire na sitika da sinadarin narkar da gam sannan su barbaɗa hoda a baya. Ban ba sabon shiga wannan shawara ba, sinadarin yana kama wuta, warinsa kuma ba shi da kyau ga huhu. Yanke takardar tsaf, ka bar milimita biyu ko uku ta kowane gefe, ka jera shi haka. Masu tarawa sun yarda da wannan.

Ka kuma lura da ɗan akwatin ɗigo-ɗigo da na'ura ke karantawa, wanda Jamus da Birtaniya suka fara sa wa nasu a 2021. Sashe ne na kan sarkin, kada a yanke shi.

Yanzu maganar ajiya, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarka. Abu uku ne suka taru a kwalin nan: laima, matsi, da takarda mai asid. Fuskar kati mai sheƙi tana yin laushi in iska ta yi danshi, robar kuma ta matse su, sai su haɗe. Robar kanta tana tsufa ta narke ta bar layi a jikin katin, don haka yau ɗin nan ka cire ta. Haka kilif, yana tsatsa. Salatif kuwa ya fi su duka sharri, gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabon da babu mai fitar da shi.

Biyun da suka manne kada ka fizge. Sa su a mazubi mai murfi tare da 'yan ƙullin silika, irin waɗanda ake samu cikin kwalin sababbin kaya, su yi kwana uku ko huɗu. Sannan ka lanƙwasa su kaɗan-kaɗan tare, gaba da baya, ka ga ko gefe zai buɗe. In ya buɗe, ka zura siririyar takarda mai santsi ka bi a hankali. Da ka ji ƙarar ɗayewa ka tsaya.

Ɗigon ruwan ƙasa kuwa laima ce ke kawo shi, ko ta hanyar funfuna ko ta tsatsar ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin takardar. Ba ya gogewa, kuma bilic zai cinye takardar ne kawai. Abin yi shi ne a hana shi ƙaruwa: ware katin daga sauran, ya bushe a inuwa, in akwai gari-gari a kansa a share da burushi mai taushi a waje, ba cikin ɗaki ba.

Wurin ajiya ya kasance danshin iskarsa tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari, ba ya hawa da sauka. Ƙaramin ma'aunin danshi ya isa ya gaya maka. Nesa da bangon da ke tsattsafo, nesa da ƙasa, nesa da hasken rana, domin rana tana cin ja da rawaya kafin sauran launuka. Kowane kati da rigarsa ta leda, amma ba kowace leda ba. Duba 'yar alamar nan mai kusurwa uku da ke nuna irin robar da aka yi ledar da ita: mai lamba 5 ko PP ita ake so, mai lamba 3 ko PVC a guje ta. PVC tana fitar da wani maiƙo da ke ɗauke tawada daga jikin katin ya koma jikin ledar, kuma ana gane ta da ƙarfin warin sabuwar roba. Albam ɗin hoto mai shafi mai danƙo shi ma kada ka kusance shi. Laminatin kuwa kashe katin ne gaba ɗaya.

Wajen sayen riguna ka auna tukuna. Yawancin katunan Turai santimita 10.5 ne da 14.8, na Amurka sukan zo inci 4 da 6, wato tsawonsu ya kai 15.2, akwai kuma manya masu 12 da 17. Rigar da ta yi daidai cif da na farkon za ta lanƙwasa kusurwar na biyun. A tsaye ake jera su kamar littattafai, albam ma haka, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba. Ka riƙa buɗe su lokaci-lokaci su sha iska, ka kuma duba kyankyaso, yana son gam.

Sabon_shiga

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Na cire robar. To in ba zan cire na jikin katin ba, ta ina zan samu na jerawa a albam? Kuma wasu na kasa gane ƙasarsu, ɗaya ma babu suna a jikinsa sam.

Dattijon_albam

Marar sunan na Birtaniya ne. Su suka fara fitar da kan sarki a duniya a 1840, da hoton kan Sarauniya Victoria, kuma har yau kan mai mulki kawai suke sawa, ko da ƙarami ne a kusurwa. Sunan da muke kiran abin da shi ma ai shaida ne. Sauran ƙasashe suna rubuta suna, amma da harshensu: Helvetia ita ce Suwizalan, Suomi Finlan, Magyarország Hangari, Hrvatska Kuroshiya, Éire Ailan, Nippon Japan, Österreich Ostiriya. Ga katin Postcrossing ma hanya ta fi sauƙi, haruffa biyun farko na lambar da shafin ke ba kowane kati, wadda mai aikawa ke rubutawa a jikinsa, su ne ƙasar da aka aiko shi: DE Jamus, FI Finlan, NL Holan, CH Suwizalan. Da su za ka raba katunanka ƙasa-ƙasa, ka sa ɗan kwali mai suna a tsakani. In za ka rubuta ranar isowa, da fensir mai taushi, ƙarami, a kusurwar baya. Ban da biro.

Na jerawa kuwa, musayar kai tsaye ce hanyarsu. Tsarin Postcrossing da Paulo Magalhães ya kafa a 2005 na kati ne: na'ura ce ke zaɓa maka adireshi, sabon shiga yana da damar katuna biyar a hanya lokaci guda, kuma wanda ya aiko maka ba shi ne wanda ka aika wa ba. Ba wanda ya wajaba ya sa maka wani abu ban da katin. Amma a shafinka kana iya nuna cewa ka yarda da musayar kai tsaye, ka rubuta a fili cewa kana tara kawunan sarkin da aka riga aka yi amfani da su. Ku yi magana ta ƙare kafin kowa ya aika: guda nawa, ashirin da ashirin ko hamsin da hamsin, a jikin takarda ko cirarru, na tunawa da wani abu masu manyan hotuna ko na yau da kullum. Nan ne ake yawan saɓani, wani ya aiko hamsin iri-iri, a mayar masa da hamsin iri ɗaya. Wajen aikawa, ka zuba su a ƙaramin ambulan, ka sa shi tsakanin kwali biyu marasa kauri, sannan cikin babban ambulan. In suna yawo a sake, na'urar tantance wasiƙu tana tattara su gefe guda ta murƙushe.

Shawarata kada ka ce za ka tara na duk duniya, ba ya ƙarewa kuma albam ɗin ba ya yin fasali. Zaɓi jigo: tsuntsaye, jiragen ƙasa, ko jerin Europa da ƙasashen Turai ke fitarwa kowace shekara tun 1956. Don tantance shekara da iri, akwai kundayen Michel na Jamus, Stanley Gibbons na Birtaniya, Scott na Amurka, da Yvert et Tellier na Faransa. Lambobin da suke ba kowane kan sarki ba ɗaya ba ne, don haka in kana musaya ka faɗi kundin da kake nufi. In ka ga biyu masu kama ɗaya, ƙirga haƙoran da ke cikin santimita 2, da haka ake auna su, kuma mai 13 da mai 14 iri biyu ne dabam. Fara da albam mai layin aljihuna, wanda ake zura kan sarki ba tare da gam ba, domin za ka yi ta sauya musu wuri kafin tarin ya zauna.

Uwar_katuna

Ƙarin bayani kan wanda kai za ka aika, tunda yadda ka aika haka ake mayar maka. Ka rubuta da tawadar da ruwa ba ya wankewa, ka bar ta ta bushe kafin ka jefa, musamman in bayan katin mai santsi ne. Lambar katin ka rubuta ta sau biyu, nesa da kan sarkin, don hatimi yakan rufe ta, kuma in ba ta karantuwa wanda ya karɓa zai sha wahalar rajistar isowarsa a shafin. Ka bar kimanin santimita ɗaya da rabi fili a ƙasan ɓangaren adireshi, nan na'ura ke buga layukanta. In kati ya yi kwana 60 ba a yi rajistarsa ba, tsarin zai buɗe maka gurbinsa ka aika wani, shi kuma ana iya rajistarsa har shekara guda in ya isa daga baya.