Neman shawara: rezin ya yi hayaƙi a gwangwani, ƙyallen kabon kuma ya manne wa kapo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni makanike ne a wani garaji ta wajen Sabon Gari, nan Maradi. Ina da tsohuwar Peugeot 205 da na saya a mace, na tashe ta da hannuna. Ranar Lahadi mukan fita da ita ni da abokai, mu yi tsere a wani filin jar ƙasa bayan gari, inda babu mutane babu dabbobi. Sai na ce bari in rage mata nauyi, in cire kapon ƙarfe, wato murfin inji, in yi na zaren kabon, daga baya in bi da fukafukan gaba.

Na aika aka sayo mini ƙyallen mita huɗu ta Kano, mai giram 200 a murabba'in mita, da efoksi, wato rezin da ake jiƙa ƙyallen da shi ya daskare, da ruwan daskarewarsa. Da kuɗin kaya da na mota da na duwan, abin ya haura jika ɗari. Shekaranjiya da azahar na goge kapon, na shafa masa man goge takalmi don kada ya kama, na shimfiɗa ƙyallen a kai. Na haɗa rezin kusan rabin kilo a gwangwanin madara, da ido na auna. Ban kai rabin kapon ba gwangwanin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ya fara hayaƙi, ya daskare da burushin a tsaye a cikinsa. Wanda na riga na shafa kuwa ya kama fenti ƙam, sai da kurfi na ɓamɓare shi. Saura mita biyu da rabi. Don Allah ina kuskuren yake? Ko kayan ne aka ba ni jabu?

Baban Nana, mai aikin faiba:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kayanka lafiyarsu ƙalau, jabu ai ba zai ma yi wannan zafin ba. Efoksi da kansa yake fitar da zafi idan ya fara kamawa, zafin kuma ƙara masa sauri yake yi. Ka tara rabin kilo a gwangwani mai zurfi, da azahar, a watan Afrilu da Maradi ke wuce digiri 40, ai wuta ka haɗa. Mintocin da ke rubuce a jikin robar an auna su ne a wuri mai digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana cinye kusan rabin lokacin. Ka riƙa haɗa giram 100 ko 150, ka juye a faranti mai faɗi, ka fara aiki daga sallar asuba. Idan da hali ka nemi ruwan daskarewa mai jinkiri.

Maganar aunawa da ido kuwa ka bar ta. Masu fenti da mastik sun saba ƙara digo biyu don abu ya yi saurin kamawa, to efoksi ba haka yake ba. Idan an rubuta 100 da 30, haka za ka auna a sikelin giram. Ka ƙara ko ka rage, zai fito da danƙo kamar cingam, kuma babu gyara.

Amma babban kuskurenka wani ne. Kapon ba wurin shimfiɗa kabon ba ne, wurin ɗaukar mul ne, wato mazubin da ke ɗauke da siffar kapon. Yadda ka yi, ko da ya saku, fuskar mai santsi tana ciki, mai kaushin tana waje, kuma ya fi na asali girma da kaurinsa. Sai ka fara gyara kapon ƙarfen ya yi sumul, don ko ƙwayar yashi ka bari za ta fito a kabon. Ka zagaye bakinsa da kwali mai tauri ya zama leɓe mai faɗin tafin hannu. Ka shafa kakin saki na ainihi sau biyar ko shida, kowane ya bushe ka goge, sannan ruwan PVA mai hana mannewa a kai. Man takalmi dai a mayar wa takalmi. Daga nan jelkot, wato rezin mai kauri da ke zama fuskar mul ɗin, sai faiba ta gilas hawa-hawa har ya yi kaurin milimita biyar ko shida, ka ɗaura masa katako a baya don kada ya murɗe. Kada ka zuba hawan duka rana ɗaya, zafi zai lanƙwasa shi. Cikin wannan mul ɗin ne za ka shimfiɗa kabon. Ni mul yakan ci mini sati guda, shimfiɗar kabon kuwa safiya ɗaya ce.

Malam mai fenti, Ali Ɗan Sofo:

Duk abin da Baban Nana ya faɗa haka ne. In ƙara da ƙura. Da hunturu idan ka shafa rezin a rumfar garaji, kafin ka juya ya zama samfefa. Ka samu ɗaki, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka rufe taga.

Sannan na san kuna son baƙin saƙar nan ta fito fili a yi hoto. Ranar Maradi ba ta san da wannan ba. Efoksi rawaya yake yi a rana idan babu banish mai tare haske a kai, kuma baƙin abu a tsakar rana yana iya kai digiri 70 ko fiye, ga zafin inji daga ƙasa. Wanda ya bushe a zafin ɗaki kawai laushi zai yi ya lotsa. Bayan ya kwana ɗaya ya kama, ka gasa shi yana cikin mul ɗinsa, a hankali, yadda takardar rezin ɗin ta ce. Ni da nawa ne, farin fenti zan buga masa.

Alhaji mai tireloli:

Ɗana, tambaya ɗaya. Ka ɗora kapon nan a sikeli kuwa?

Mai tambaya:

Na ɗora, Alhaji. Kilo 11 ne har da ƙarafan ciki.

Alhaji mai tireloli:

To madalla. A ce naka ya fito kilo 3, ka rage 8 ke nan, a motar da ke wajen kilo 800. Ɗaya cikin ɗari. Kujerar baya da kafet da tayar safaya sun fi haka nauyi, kuma cire su ko dala ba ya ci. Ni na ga motocin Paris-Dakar da idona a Agadez a shekarun 1980, lokacin ina yaron mota. Irin motarka ma, 205, ita ta ci gasar a 1987 da 1988, amma waccan suna kawai suka haɗa da taka, kamfani ne ya ƙera ta don tsere tun daga ƙashi. Kai birki da shoka da taya ne za su ba ka gudu a jar ƙasa. Kana da hular kwano da bel mai kyau? Akwai ƙarfen kariya a cikin motar idan ta kife?

Wata ɗaliba a fannin injiniya, Yamai:

Gaskiyar Alhaji ce a kan lissafin, sai dai yayana koyon sana'a ma yake yi, wannan kuma ba a sikeli ake auna shi ba. Ga lissafin kayan. Tol ɗin ƙarfe mai kaurin milimita 0.8 yana kai kilo 6.3 a kowace murabba'in mita. Hawa uku na ƙyalle mai giram 200 giram 600 ne, idan aikin hannu ne rezin zai kai kusan haka, wato kilo 1.2, kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba. Matsalar ita ce zai riƙa kaɗawa kamar faifai idan iska ta buge shi. Maganin ba ƙara hawa ba ne. Ka sa siririn soso mai tauri, milimita uku zuwa biyar, tsakanin hawan sama da na ƙasa, ko ka yi masa haƙarƙari ta ciki. Hawan tsakiya kuma ka karkata saƙarsa digiri 45.

Waɗanda kake gani a bidiyo suna fito da abu kamar madubi, galibi ƙyallen da aka riga aka jiƙa da rezin tun daga masana'anta suke amfani da shi. Ajiyarsa sai firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, gashinsa kuma wajen digiri 120. Da yadda wuta ke ɗaukewa a nan, kafin ya iso daga Kano ya lalace. McLaren ce ta fara kawo gangar jiki ta kabon a Formula 1 a 1981, kuma su ma sai da wani kamfanin kayan jiragen sama na Amurka ya taya su. Abin da za ka iya a garaji shi ne ka rufe aikin da leda ka zuƙe iskar. Kwamfireson tsohon firigo yana yi. Tsakanin kabon da ledar sai an sa ƙyallen ɓarewa da wani mai tsotse rarar rezin.

Abu biyu kada ka manta. Wutar lantarki tana bi ta cikin kabon, don haka kada ya kusanci kan batir. Idan kuma ya haɗu da alminiyon ga danshi, alminiyon ɗin ne zai ci, sai ka raba su da ɗan faiba ta gilas.

Baban Nana, mai aikin faiba:

'Yata ta gama magana. Ni dai shawarata, ƙanena, mita biyu da rabin nan ka naɗe shi a kan bututu, kada ka ninke, ka ɓoye. Ba ma zai ishi hawa uku na kapo ba. Ka yi mul, ka fara fitar da kapon faiba ta gilas, wadda ko ta lalace ba za ka kwana kana lissafi ba. Zai fito wajen kilo biyar, kuma a jar ƙasa inda tsakuwa ke harbi ya fi sauƙin faci. Kabon ba ya lotsewa kamar ƙarfe a buga a miƙe, tsagewa yake yi, bakinsa kamar reza. Idan hannunka ya faɗa, ka gwada kabon ɗin a ƙaramin abu, murfin madubi ko allon mita.

Wurin yankewa ka sa takunkumi na gaske da tabarau da safar hannu, ka jiƙa wurin. Ƙurar nan idan ta shiga giranda tana iya ƙona ta, balle ƙirjin mutum. Kuma kada ka dogara da makullin kapo na asali. Fil huɗu za ka sa, da faranti a ƙarƙashin kowane, don kapo marar nauyi idan ya tashi kana gudu, a gilas zai kwanta maka.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, hula akwai, ƙarfen kariya ne babu, kuma na ji kunya da ka tambaya. Na yi magana da mai walda, gobe zai zo ya auna. Kujerar baya na cire ta ɗazu, kilo 14 ta yi. Na aro sikelin giram wajen wata mai yin kek a unguwarmu, da sharaɗin in naɗe shi a leda. Baban Nana, inda na kankare da kurfi ya bar ramuka a kapon. In cike da mastik in goge ya isa a ɗauki mul, ko sai na sake fenti gaba ɗaya?

Baban Nana, mai aikin faiba:

Mastik shi kaɗai yana shan kaki, zai sake kama maka. Ka cike, ka goge, ka buga fenti mai haɗi biyu, ka bar shi sati ya bushe sosai. Ranar da za ka shafa jelkot ka kira ni tun dare, in zo da rolata bayan asuba. Shayi dai a wuyanka yake.