Jiragen baƙi a ruwanmu: cacar baki a zauren 'yan kasuwar Katsina

Alhaji Mai Taya: Salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Sati uku kwantenata na zaune a Legas, kuɗin ajiya sai hawa yake. Tun 2003 aka yi doka cewa dakon kaya daga tashar ruwa zuwa wata a cikin Najeriya sai jirgin ɗan ƙasa, ƙirar gida, rajistar gida, ma'aikata 'yan gida. To ina jiragen? Minista na ta ɗage wa jiragen waje waɗannan sharuɗɗa, baƙi na kwashe kasuwar.

Ɗan Jibiya: Alhaji, su wa kake ce wa baƙi? Da haka ake farawa, gobe a ce direban Maraɗi da ke kawo mana wake baƙo ne.

Alhaji Mai Taya: Ni jirgin ruwa nake magana.

Ɗan Jibiya: Kalmar dai ka faɗa. Kakata 'yar Maraɗi ce, Katsinar Maraɗi ma Katsina ce.

Malam na Ƙofar Soro: Ranka ya daɗe, kayanka daga Sin suka taso, wannan dokar ba ta shafe su ba. Ita tsakanin Legas da Fatakwal ko Warri take aiki. Kashi 2 cikin 100 na kuɗin irin wannan dako da NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, ke karɓa don asusun sayen jirage, nan ya kamata a tambaya. Amurka ma tana da irin wannan doka tun 1920.

Hajiya Mai Atamfa: Malam bar dogon turanci. Baƙo ai rahama ne.

Ɗan Daura: Wanda ba shi da ko kwalekwale yana faɗan teku. Ku jira layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya biyo ta Daura, ga Jami'ar Sufuri a gida.

Ɗan Funtuwa: Kullum Daura! Tashar tudu ta sauke kwantena a Funtuwa take. Tashar jirgin ruwa ta Baro a jihar Neja da aka buɗe a 2019, jirgi nawa ka gani?

Ɗan Daura: Hassada ce.

Ɗan Jibiya: Har yanzu Alhaji bai janye "baƙi" ba.

Shugaban zaure, daga Daura: To jama'a, mun ji kowa. An yi ittifaƙi cewa layin dogon Daura ne mafita, kuma ɗan Funtuwa ya ba da haƙuri. Alhaji, Allah ya fito da kwantena. Na rufe.

Ɗan Funtuwa: Wa ya yi ittifaƙin?