Kalmar "leave": fita ce ko bari?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Kalmar "leave" tana rikita ni. Wani wuri in ga tana nufin fita, wani wuri kuma bari. Sannan mene ne bambancin "leave the office" da "leave for the office"? Don Allah a warware mini.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai Hausa ma haka take. Mukan ce "ya bar gida", mu kuma ce "ya bar jakarsa a gida". To yadda "bari" yake ɗaukar ma'ana biyun nan, haka "leave" take: "He left the house" da "He left his bag at home".

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ɗan harafin da ke biyo ta. In sunan wuri ya biyo kai tsaye, wurin da aka baro ke nan: "She left the office", ta bar ofis. In kuwa "for" ta shiga tsakani, magana ta juya gaba ɗaya: "She left for the office", ta kama hanyar ofis. Kada ka sa "to" a nan, "left to the office" kuskure ne. Kuma babu "leaved". Abin da ya wuce "left" ne, ko da "have" ko babu.

Amsa ta biyu:
Malam ya yi bayani, bari in ƙara abu biyu. In za ka faɗi wurin da ka manta abu, "left" ta fi dacewa: "I left my phone in the car". Ita "forgot" an fi sakinta ba tare da wuri ba: "I forgot my phone". Haka nan in ka ambaci lokaci, kada ka kawo "has". "He left yesterday" daidai ne, "He has left yesterday" ba daidai ba ne.

Na biyu furuci, kuma wannan ya fi damuna, don yana sauya ma'ana. Wasalin "leave" dogo ne, na "live" gajere, kamar dai "fasa tafiya" da "fasa kwalba". In ka gajarta shi, mai sauraro zai ji kana zaune a wurin, alhali tafiya kake nufi. Sautin ƙarshe kuma, wato "v", babu shi a Hausa: ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka saki murya. In babu murya, "leaf" ka faɗa, wato ganye.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. To "exit" fa?

Amsa ta uku:
Ita daga Latin ta zo, ma'anarta "yana fita". Za ka fi ganinta a saman ƙofa, a babbar hanya, ko wajen rufe manhaja a kwamfuta. A hira ba a cewa "I am exiting", "I'm leaving" ake cewa. Jirgin sama da jirgin ƙasa kuma "depart" ake rubuta musu a jadawali, tare da "from".