Shirin jarrabawar MDCN bayan karatun likita a ƙasar waje

Tambaya

Assalamu alaikum. Na kammala karatun likita a Masar, na dawo Kano da niyyar zama jarrabawar Hukumar Kula da Likitoci ta Nijeriya, wato MDCN, wadda sai an ci ta ake ba wanda ya yi karatu a waje izinin aiki. Saura mini wata huɗu. Kullum ina kan littattafan da na zo da su, amma hankalina bai kwanta ba, domin na ji cewa a zaman da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a watan Nuwamba na 2023, fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su yi nasara ba. Ina roƙon yayyena da suka riga ni su nuna mini inda ya kamata in fi ba ƙarfi.

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni a Sudan na yi nawa karatun, kuma sai a zama na biyu na ci. Abin da ya kayar da ni da farko shi ne na shirya wa cututtukan da na saba gani a can, alhali masu jarrabawa suna son su tabbatar cewa za ki iya riƙe majinyacin da za a kawo miki a nan. Saboda haka ki san zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ciki da waje, har da yadda ake ba da allurar artesunate a farkon zuwa, da bayan awa 12, da bayan awa 24. Ki ƙware a kan sikila, da sanƙarau, da tarin fuka, da zazzaɓin Lassa, da tamowa, da jijjigar masu ciki da yadda ake amfani da magnesium sulphate a kanta. Jadawalin rigakafin yara kuwa ki haddace shi: abin da ake bayarwa ranar haihuwa, da na mako 6, 10 da 14, da allurar ƙyanda da ta shawara a wata 9.

Mafi muhimmanci, ki nemi izini ki riƙa bin zagayen likitoci a wani asibitin koyarwa. Wata biyu da na yi a ɗakin yara da ɗakin haihuwa sun amfane ni fiye da shekarar da na yi a ɗaki ni kaɗai da littafi.

Amsa ta biyu

Na yarda da Dakta, sai dai kada zuwa asibiti ya cinye lokacin shirya wa ɓangaren jarrabawar da ake amsa tambayoyi a kwamfuta, domin da yawa sun san amsa amma lokaci ke ƙare musu. Ki riƙa yin tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki, ki kuma saba da hotunan ƙirji da na fata, tunda akwai ɓangaren hotuna.

Amsa ta uku

'Yata, na daɗe ina koyar da ɗalibai a gefen gadon majinyaci, kuma a ɓangaren OSCE, wato jarrabawar duba majinyaci a aikace, inda ake zagaya tasha-tasha cikin 'yan mintuna, na fi ganin masu ilimi suna zubar da maki. Ɗalibi zai tsaya gaban majinyaci bai gaishe shi ba, bai faɗi ko shi wane ne ba, bai nemi izini ba, bai wanke hannu ba, kai tsaye ya kai hannu cikin majinyacin, alhali kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da makinsa. Ki sami abokan karatu biyu ko uku, ɗaya ya zama majinyaci, ɗaya ya riƙe agogo, ki riƙa faɗin abin da kike dubawa da babbar murya har bakinki ya saba.

Mai tambaya

Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe Litinin zan kai takardar neman izinin bin zagayen, in fara da ɗakin yara, inda na fi jin rauni.